Gubar dalma ga masu harbin bindiga: hanyoyin rigakafi

A cikin wannan taƙaitaccen bayani, za mu duba haɗarin dalma ga waɗanda harbi ya zama aikinsu: sojoji masu horo a Tondibiya kusa da Yamai, jandarmomi, ƴan sanda da maharba.

Akwai dalma cikin harsashi da cikin sinadarin da ke tayar da albarushi. In aka harba, sai ta fita cikin hayaƙi da ƙura, ta shiga jiki ta numfashi ko ta hannu zuwa baki. Tana taruwa cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda. A 2021, Hukumar lafiya ta duniya ta ce in dalma ta kai mikrogram 5 cikin desilita guda na jini, a binciki tushenta. A Zamfara kuwa, a 2010, ƙurar dutsen zinare mai dalma da aka niƙa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400.

Saboda haka muna ganin ya kamata a yi harbi a fili, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, a sake tufafi kafin komawa gida, kada a narka dalmar tsohon batir kusa da yara, kuma a riƙa auna jini.