Madarar Gwangwani da Jarirai 'Yan Ƙasa da Wata Shida

Madarar jarirai, wadda aka fi sani da madarar gwangwani, gari ce da ake sarrafawa daga nonon saniya. Ana rage masa gishiri da furotin, a ƙara masa mai da bitamin da sinadarin ƙarfe, don cikin jariri ya iya ɗauka. Henri Nestlé ya fara sayar da irin wannan abinci a garin Vevey na Suwizalan a 1867. Ba a daɗe ba kasuwarsa ta tsallaka teku.

Matsalar ta fito fili ne a ƙasashen da ruwa mai tsabta ke wuya. Dakta Cicely Williams, likitar da ta fara bayanin cutar kwashiyoko lokacin da take aiki a Gana, ta yi jawabi a Singafo a 1939 inda ta danganta mutuwar jarirai da tallan madara. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka saboda irin wannan talla. A 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallan abin da ke maye gurbin nonon uwa: ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallata madarar ga jama'a da raba wa iyaye mata gwangwani kyauta. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan.

Shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida, ba ruwa ba kunu, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya ke samun nono zalla. Nonon uwa na ɗauke da garkuwar da masana'anta ba ta iya kwaikwayo, musamman dakashi, wanda har yanzu wasu ke tatsewa su zubar. Kuma nono gwargwadon tsotso yake zuwa. Da zarar bulumboti ya shigo, tsotso ya ragu, nonon ma sai ya ja baya, uwa ta ɗauka dama can ba ta da shi.

Duk da haka akwai inda madarar ke ceton rai: maraya da ba a samu mai shayar da shi ba, ko uwar da ake yi wa maganin sankara, ko jaririn da aka haifa da larurar da ke hana jikinsa sarrafa sukarin nono. Mai cutar ƙanjamau kuwa, muddin tana shan magani yadda ya kamata, a yawancin ƙasashen Afirka ana ba ta shawarar ta shayar.

Inda ba da madarar ya zama dole, haɗin shi ne komai. Garin madara ba tsarkakakke ba ne, yana iya ɗauke da ƙwayar Cronobacter, wadda ta sa aka janye wasu nau'ikan madara daga kasuwar Amurka a 2022. Don haka a tafasa ruwa, a haɗa tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a bari ta huce kafin a bayar. Abin da ya kai awa biyu a ajiye, zubarwa ake yi, ba a adana wa anjima. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti, domin bakin roba na riƙe datti, ga shi da wuyar wankewa.

Sai batun aljihu, wanda shi ne ya fi yi wa jarirai illa a ɓoye. Jariri na buƙatar kusan kilo 20 na garin a wata shidan farko, wato gwangwani 40 masu giram 500. Idan kuɗi ya gaza, sai a riƙa tsinka madarar, cokali ɗaya a ma'aunin cokali uku. Cikin yaro ya cika, amma jikinsa na ramewa, gudawa da tamowa su biyo baya. Madarar shayi da ta ruwa mai zaƙi da nonon saniya ɗanye ba sa maye gurbinta ga jaririn da bai kai wata shida ba, komai arharsu.