Ƙaramin maƙwaƙƙwafi

In kun shiga daji da safe kuka ji « ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ » bisa icce kamar masassaƙi na aiki, ku ɗaga kai. Maƙwaƙƙwafi ne. Da faransanci ana ce masa « pic ».

Maƙwaƙƙwafi iri-iri ne. Akwai wani ƙarami wanda ba ya zama ko'ina sai ƙasashen Sahel, tun daga Senegal da Mali, ya biyo ta Nijar da Cadi har Sudan. Tsawonsa santimita 12 zuwa 14, bai kai taƙi guda ba. Jikinsa toka-toka ne da ratsin fari, sai ja a gindin wutsiya. Namijin yana da ja a ƙeya kamar ya sa hula, macen ba ta da shi. Yana son bakin kori, inda akwai tsofaffin itatuwan ƙaya da aduwa. Ganinsa da wuya, don launinsa ya saje da ɓawon icce.

Mi yake nema cikin icce? Abinci. Ƙwari da tsutsotsi suna ɓuya ƙarƙashin ɓawo suna cin icce. Sai ya ƙwanƙwasa da bakinsa mai ƙarfi, ya ɓamɓare ɓawon, ya zura harshensa mai tsawo da danƙo ya jawo su. Harshen nan abin mamaki ne: tushensa ya zagaya ƙoƙon kansa ta baya.

Yaya yake tsayawa jikin icce bai faɗi ba? Yatsunsa huɗu ne a kowace ƙafa, biyu na duban gaba, biyu na duban baya, sai su riƙe ɓawo kam. Gashin wutsiyarsa kuma yana da tauri, da shi yake dogarawa kamar tsoho da sanda.

Yara kan tambaya: kansa ba ya ciwo? Da ana cewa ƙashin kansa kamar matashi yake, yana rage ƙarfin bugu. Binciken da aka fitar a 2022 ya nuna ba haka ba ne. Kan nasa kamar guduma yake aiki, ƙanƙantar ƙwaƙwalwarsa ce ke kare shi.

Ba ya saƙa sheƙa da ciyawa. Rami yake haƙawa cikin busasshen reshe, a ciki macen ke yin ƙwai farare. In ƴaƴan sun tashi, wasu tsuntsayen da ba su iya haƙa ba su kan gaji ramin. Amma busasshen reshen nan shi ne mai neman iccen wuta ke fara sarewa. Inda aka sare tsofaffin itatuwa, maƙwaƙƙwafi ba ya samun wurin yin ƙwai, sai ya bar wurin.

Ku dubi tsohuwar aduwa da ke kusa da garinku. In kun ga ƙaramin rami mai da'ira sama bisa reshe, kada ku sa hannu. Ku zauna shiru daga nesa, ku ga wa zai leƙo.