Tufka da Warwara: Yadda DNA Ke Kwafar Kansa da Tarihin da Ya Adana a Arewacin Kamaru

Duk abin da ɗa ke gada a jikinsa daga iyaye, tun daga launin fata har zuwa rukunin jini da cututtukan da ke bin zuri'a, a rubuce yake cikin wani sinadari mai suna DNA, wanda ke ƙunshe a cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki. Friedrich Miescher, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya fara ware sinadarin a 1869, amma siffarsa ba ta bayyana ba sai a 1953, lokacin da James Watson da Francis Crick suka fayyace ta a Kambirij ta Ingila, bayan Watson ya ga hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan a 1952.

Siffar tamkar igiya ce mai tufka biyu: zare biyu ne suka nannaɗe juna, kowanne an gina shi da jerin sukari da fosfet, a tsakaninsu kuma haruffa huɗu na sinadari ke riƙe da juna, wato adenin da timin da guwanin da sitosin, waɗanda ake taƙaitawa da A da T da G da C. Ƙa'idar ita ce A ba ya kama kowa sai T, G kuma sai C, saboda haka wanda ya san jerin zare guda ya san na ɗan'uwansa. Mutum na karɓar haruffa kimanin biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, kuma da za a miƙe na ƙwaya guda da ya kai kusan mita 2.

A wannan ƙa'ida sirrin kwafi yake. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, wani furotin mai suna helikes yakan warware tufkar, sannan wani mai suna folimares ya bi kowane zare yana jera masa sabon abokin zama, harafi bayan harafi. Da yake zaren biyu kwance suke kai da ƙafa, folimares kuwa gefe guda kaɗai yake iya tafiya, ɗaya zaren yakan ginu a miƙe, ɗayan kuma guntu-guntu, sai wani furotin mai suna liges ya ɗinke guntayen, kamar yadda Reiji da Tsuneko Okazaki na Japan suka gano. Gwajin Matthew Meselson da Franklin Stahl na 1958 ya tabbatar da cewa kowace sabuwar igiya rabinta tsoho ne, rabi sabo. Folimares na duba aikinsa yana cire harafin da ya sa ba daidai ba, wasu furotin kuma su gyara abin da ya tsallake masa, har kuskuren da ke kuɓuta bai wuce kimanin 1 cikin biliyan ba.

Sai dai wannan ɗan kuskure, idan ya faɗa a ƙwayar haihuwa, gado yake zama. Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, ya samo asali ne daga sauyin harafi ɗaya tak, A ya koma T, a kan kuromosom na 11, abin da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na mutanen Kamaru da Najeriya na ɗauke da rabin gadon, wato AS, kuma tun 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin yawansa: mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, cutar da ke tsananta a kwarin Binuwai da zarar damina ta kankama.

Irin waɗannan sauye-sauye ne kuma ke zama shaidar asali. A 2010 Fulvio Cruciani na Jami'ar Sapienza ta Rum da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan wata alama mai suna V88 a kuromosom Y, wanda ɗa namiji ke gada daga uba kaɗai. Sun same ta da yawa a tsakanin masu harsunan Cadi, dangin da Hausa da Mafa da Kotoko ke ciki, har ta haura kashi 90 cikin 100 a mazan Uldeme na duwatsun Mandara da aka gwada, suka kuma danganta ta da ƙaurar da aka yi zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa.

Dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ke kwaikwayon aikin folimares a cikin kwalba, ta isa Garwa ta arewacin Kamaru, inda reshen Cibiyar Pasteur ya yi amfani da ita wajen gwajin korona. Amma amfanin da ya fi kusa da iyali shi ne gwajin jini kafin aure, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai sikila, kuma haihuwar mai sikila sau ɗaya ba ta rage wa na bayansa haɗarin ba, tunda rabon haruffa sabo ake yi a kowane ciki.