Idon Da Ke Leƙen Dajin Birnin Gwari Daga Sama

Duk wanda ya san dajin Birnin Gwari, har ya zuwa gandun Kamuku da aka mayar na ƙasa a 1999, ya san abin da ya sa 'yan bindiga suka mai da shi mafaka shekara da shekaru. Daji ne mai faɗi, da damina gajimare ya rufe shi, da hunturu kuwa hazo, mai ɗaukar hoto daga sama sai ya yi haƙuri.

To, na'urar rada ba ruwanta da hazo ko dare. Tun 1 ga wata har ƙarshensa, tun daga 2014, taurarin ɗan'adam na Turai masu suna Sentinel-1 suna ratsa samaniyar ƙasarmu daga nisan kusan kilomita 700. Eriyarsu, mai tsawon mita 12, ba ta juyawa irin ta filin jirgin saman Kano. An jera mata ƙananan bakuna 280, kowane yana fitar da igiyar rediyo. In aka jinkirta wasu kaɗan, sai hasken ya karkata inda ake so cikin ƙiftawar ido.

Wahalar aikin tana wajen rabon. Mai lambu ya san haka: ruwa guda ne daga rijiya, amma tilas ya isa kowane fangali daidai. Injiniyoyi sukan raba saƙon gida biyu, kowane gida a sake raba shi biyu, kamar rassan itace, da wata 'yar na'ura da Ernest Wilkinson ya bayyana a 1960. Akwai hanya mai araha, watau a bi da waya guda daga baki zuwa baki, sai dai na ƙarshe shi ke samun ragowa. Tsawon igiyar kuwa santimita biyar da rabi ne kacal. Saboda haka in wani reshe ya ɗara ɗan'uwansa da faɗin yatsa, ko zafin rana ya miƙar da shi, sai hasken ya kauce, hoton ya ɓaci. Shi ya sa na'urar take auna kanta a kai a kai.

Kada mai karatu ya zaci wannan ido yana ganin mutum bisa babur. Ba ya gani, kuma ganye mai duhu yana tare shi. Abin da yake nunawa shi ne inda aka sare itatuwa, da filin da masu haƙar zinariya suka share, da gonakin da aka bari ba shuka. Hotunan kyauta ake ba da su, kuma ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa malaman Jami'ar Ahmadu Bello su riƙa karanta mata na Birnin Gwari kowace damina.