Me Ya Kashe Bobin Ta Uku?

Motar kawuna Toyota Corolla ce mai silinda huɗu, irin waɗanda ake shigowa da su ta tashar jirgin ruwan Kwatano. Wata safiya a garin Sarkin Hausa ta tashi tana karkarwa kamar mai masassara. In an taka totur sai ta yi ta tari, hayaƙinta kuma warin ɗanyen mai yake yi. Mota marar ƙarfi kuwa ba ta ratsa rairayin hanyar Mayahi.

Mai muka fara zargi. Matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, amma a ƙauye man kwalba ya fi kusa da hannu, kuma akan tarar da ruwa ko datti a cikinsa. Muka juye tanki, muka zuba mai tsabta. Karkarwa tana nan.

"Kawu, in kira makanike daga Tasawa?"

"Dakata tukuna, ɗana. Kasa kunne. Uku na bugawa, ɗaya ta yi shiru. Da mai ne, da duka huɗun sun sha wahala tare."

Ya buɗe kapo. Irin wannan inji kowace buji da bobin ɗinta a kanta. Aikin bobin shi ne ta karɓi wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta ninka ta zuwa sama da 20,000, har tartsatsi ya tsallake bakin buji ya kunna mai. Inji na aiki, ya riƙa zare soket ɗin bobin ɗaya bayan ɗaya, yana mayarwa nan take, don man da bai ƙone ba yana ɓata salansa. Da ya zare ta farko inji ya nemi mutuwa. Haka ta biyu, haka ta huɗu. Ta uku kuwa, ko gezau.

Silinda ta uku ce ke barci. Amma laifin wa, bobin, buji, ko bututun fesa mai? Da yawa a nan suke garzayawa kasuwa su sayo bobin huɗu, kuɗi su tafi a banza, abin da ke ba ni takaici ƙwarai. Kawu ya kashe inji, ya ɗauko kile lamba 10, ya musanya bobin ta uku da ta farko. Da aka tayar, ciwon ya koma silinda ta farko. An kama mai laifi.

Sai dai bobin ɗin nan ba ta daɗe da shiga ba, bara aka saka ta. Me ya kashe ta da wuri haka? Kawu ya haska tocila cikin ramin buji na uku. Baƙin mai ne kwance a ciki. Robar murfin inji ta tsufa tana yoyo, man ya jiƙa robar wuyan bobin har ta kumbura ta tsage, wuta na zurarewa ta gefe. Da muka kwance bujin, bakinta ya cinye, ratar ta yi faɗi, ga bobin tana ta ƙoƙarin tura wuta fiye da ƙarfinta.

Washegari aka aiko daga Maraɗi da bobin guda, buji huɗu da sabuwar robar murfi. Kawu ya cire kan batir, ya canza robar, ya tsane ramin da tsumma, ya ɗaura buji da hannu kafin ya sa kile, don kada zaren ya lalace. Bugu ɗaya ta tashi, silinda huɗu na amsawa, aka loda buhunan gero sai Mayahi.