Sauyin Sunayen Yara a Ƙasar Hausa ta Nijar da Matsalar Rubuta Su

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna yadda zaɓen sunayen yara yake sauyawa a yankunan Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma abin da sauyin ya jawo wa masu tsara aikin yaƙi da jahilci. Bisa al'ada Bahaushe yana da suna iri biyu: sunan yanka, wanda liman yake raɗawa ranar bakwai, da laƙabi, wanda ake kiran yaro da shi a gida. Sauyin ya shafi kowannensu, amma ta hanya dabam.

2. Laƙabi

Laƙabin gargajiya labari ne a dunƙule. Wani yana faɗin ranar haihuwa: Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Laraba, Ɗanjuma da Jummai. Wani yana faɗin matsayin yaro cikin ƴan'uwansa: Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande macen da ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye. Wani kuma yana faɗin lokaci, kamar Anaruwa, Azumi da Sallau. Irin waɗannan sunaye sun fi yawa a bakin dattawa da mutanen karkara, suna ja da baya a birane.

Rukunin da ya fi ja da baya shi ne sunayen ƴaƴan wabi, irin su Ajuji da Ayashe, da ake sa wa yaro don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Dalili biyu ne: malamai suna ƙyamar aƙidar da ke ƙarƙashinsu, kuma mutuwar ƙananan yara a Nijar ta ragu da fiye da rabi tsakanin 1992 da 2012.

3. Sunan yanka

A nan tushen sunan bai sauya ba, siffarsa ce ta sauya. Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, ba ta kuma da wasu sautukan Larabci. Saboda haka Muhammad ya zama Mahamadu ko Mamman, Khadija ta zama Hadiza ko Dije, Yusuf ya zama Isuhu a karin yamma, inda "h" take zama a gurbin "f". Tun daga shekarun 1980, da yawaitar makarantun Islamiyya da zuwa aikin hajji, da bazuwar ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, iyaye da yawa suka koma ga lafazin Larabci. Jikar Hadiza ta zama Khadija. An kuma farfaɗo da sunayen sahabbai da ba a saba da su ba a da, kamar Sumayya, Nusaiba, Anas da Huzaifa.

4. Matsalar rubutu

Takardar haihuwa da ƙa'idar Faransanci aka saba rubuta ta. Lawali, Salisu da Rabi'u, waɗanda asalinsu ƙidayar Larabci ce (na ɗaya, na uku, na huɗu), sun zama Laouali, Salissou da Rabiou. Shugabannin ƙasa huɗu sun ɗauki suna guda a siffa huɗu: Mahamane Ousmane (1993), Mamadou Tandja (1999), Mahamadou Issoufou (2011) da Mohamed Bazoum (2021).

Ga mai koyon karatu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sunansa shi ne kalmar farko da yake son ya rubuta. A aji an koya masa cewa "u" ita ce wasalin ƙarshen Isuhu, ga shi katinsa yana ɗauke da Issoufou. In kuma sunan ɗiyarsa Khadija ne, ya gamu da "kh" wadda babu ita cikin abacadar Hausa. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da takardar makaranta yana iya tsayar da ɗalibi ranar jarrabawa.

5. Kammalawa

Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999 ta daidaita rubutun kalmomi, amma sunayen mutane sun ci gaba da bin alƙalamin magatakarda. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ana bukatar abu biyu: jerin sunaye mai nuna kowane suna a rubutun Hausa tare da siffarsa ta takardun hukuma, don amfanin malaman yaƙi da jahilci, da kuma tattara laƙabobin gargajiya da ma'anoninsu daga bakin tsofaffi tun suna raye.