Lambu a Kan Rufin Gida

Duk wanda ya taɓa taka kwalta ba takalmi da tsakar rana a watan Afrilu ya san irin zafin da take ɗauka. Haka ma kankare da kwanon rufi suke yi: su sha zafin rana tun safe, su riƙa sakinsa har cikin dare. Wannan ne ya sa tsakiyar birni ta fi ƙauyukan da ke kewaye da ita zafi. Ɗaya daga cikin dabarun da masana suka fito da su don rage wannan matsala ita ce shuka tsire-tsire a kan rufin gini.

Yadda abin yake aiki ba baƙo ba ne ga wanda ya san randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yakan zama tururi ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ganye ma haka yake fitar da ruwan da saiwa ta zuƙo, sai rufin ya huce, ɗakin da ke ƙarƙashinsa ya yi daɗin zama. Har ila yau, ƙasar da ke kan rufin takan tsare wani kaso na ruwan sama, ta sake shi a hankali, maimakon ya kwararo cikin lambatu gaba ɗaya ya haddasa ambaliya.

Irin wannan rufi hawa-hawa ake shirya shi. Da farko akan shimfiɗa abin da zai hana yoyo, sai wanda zai tare saiwa, sai tsakuwa don ruwa ya sami hanya, sai ƙyalle mai tace ƙasa. A bisansu ne ake zuba ƙasa marar nauyi, a shuka tsire-tsire masu jure fari. Birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya wajabta wannan ga sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen rufi a 2002, Toronto ta Kanada kuma ta kafa tata dokar a 2009.

Sai dai akwai abin lura. Jiƙaƙƙiyar ƙasar gona mai kaurin santimita 10 takan haura kilo 150 a kowace murabba'in mita, don haka dole injiniya ya auna ƙarfin gini tukuna. Rufin soro kuwa na azara da laka bai dace ba sam, domin saiwa takan tsaga shi ya yi yoyo. Shi ya sa magidanta kan cire duk ciyawar da ta tsiro a kansa.

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan da akwatuna biyu iri ɗaya masu murfin kwano. A ɗora faranti mai ƙasa da ciyawa a kan ɗaya, a bar ɗayan haka, a sa ma'aunin zafi cikin kowanne, a ajiye su a rana. Ɗalibai su riƙa rubuta abin da ma'aunan suka nuna kowace awa, daga hantsi zuwa la'asar, sannan su kwatanta.